Takabar Kwantaccen Ciki

Mijina ya rasu ana cikin yankan gero, a ƙauyenmu kusa da Minjibir, inda gonaki suka haɗe da juna har ba a gane iyaka sai da layin gamba. Na shiga takaba kamar kowace mace. Na kwance kitso, na bar lalle da kwalli, na zauna a ɗaki da mazarina ina kaɗin auduga. Ba ni da ɗa a raye. Biyu na haifa, duka suka koma tun ba a yaye su ba.

Kafin takabar ta ƙare sai na ji wani abu mai tauri a marata, kamar goriba. Ungozomar unguwarmu ta zo ta lalube ni, ta yi murmushi ta ce, "Ai marigayi ya bar miki ajiya." Na ce mata jini fa bai ɗauke mini ba, ƙaruwa ma ya yi, yana zuwa guda-guda har in kasa tashi salla. Ta ce, "To ai shi ya sa cikin ya kwanta. Abincinsa ne ke zubewa, sai ya yi barci. Ran da Allah ya so zai tashi."

A wurinmu kwantaccen ciki ba baƙon abu ba ne, kowa yana da labarin wata da ta yi shekaru da shi kafin ta haihu. Da aka gaya wa liman, ya ce mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauka, kuma ba a raba gado sai an ga abin da aka haifa. Ya ce littafi ya yarda ciki yana iya daɗewa shekaru. Ni kuwa a lokacin ba yarinya ba ce, na san sauran haihuwar da ta rage mini kaɗan ce. Akwai wani masaƙi da matarsa ta rasu, ya aiko ta bakin gwaggona cewa yana jiran in fita. Idan ɗa ne a cikina, jira ba komai ba ne. Idan ba ɗa ba ne, kowace damina da ta wuce ta tafi da rabona.

Gonar mijina wansa ne ya ci gaba da nomanta. In na haifi namiji, gonar ta yaron ce. In babu komai, a ba ni ɗan kasona, sauran duk nasa. Wannan lissafi ko jaki ya iya shi, don haka tun daga ranar na sa wa mutumin nan ido. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kirkinsa. Bai taɓa fashin awo ba, kuma duk ranar kasuwa sai ya tsaya bayan darni ya yi sallama, ya ce, "Baiwar Allah, ga saiwa na samo, an ce tana tada ciki." Ni kuma in ce, "Allah ya saka, Yaya." Yana juya baya in tona rami gindin rumbu in binne. Mutumin da zai rasa gona in yaro ya tashi, shi ne zai nemo maganin tashinsa? Ban yarda ba.

Magani dai na sha, amma wanda hannuna ya karɓo. Na sha jiƙon sassaƙe mai ɗaci, na sha kunun kanwa har na gundura, na sha rubutu. Gwaggona ta sa ni cin zogale da rama don jinin da nake rasawa, wannan kam na ji amfaninsa, jiri ya ragu. Wanzami ya yi mini ƙaho a baya. Da ya ce bari ya yi tsaga a marar a shafa magani, sai na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya tattara zabirarsa ya fita yana guna-guni. Ungozoma ma ta taɓa kawo maganar yankan gishiri, wai ƙila hanya ce ta toshe. Na san wata a ƙauyen gaba da aka yi wa, jini ya tafi da ita kafin azahar. Na ce aska ba za ta matso ni ba, ko ta waye.

Cikin ya yi ta girma a hankali, har ya kai kamar na wata shida ya tsaya. Fitsari ya dame ni, ƙugu yana ciwo. Matan da ke shigowa gaishe ni, wasu kallon zanena suke yi ko tsumma na ɗaura don in riƙe gona. Wasu kuma kallon zaure suke yi, wai ko wani ke shigowa. Ni ma kallonsu nake, ina tunanin wacce a ciki aka ba asiri ta zuba mini. Ban ƙara shan furar gidan kowa ba.

A damina ta uku wan mijina ya zo da wata tsohuwa a kan jaki, daga wajen Bagwai, 'yar gidan Barebarin nan da suka daɗe a ƙasar Kano. An ce hannunta ya san cikin mata. Ta kwantar da ni a tabarma, ta daddanna, ta kasa kunne, ta daɗe. Sannan ta ce, "'Yar nan, ba kai, ba ƙafa. Wannan ƙari ne, tsoka ce ta tsiro a mahaifa, kuma ba ɗaya ba ce. Ba ya kisa in an kula da jinin. Ran da al'adarki ta ɗauke zai motse da kansa. Ki je ki gaya wa liman, ki yi wankanki, ki yi aure tun da sauran lokaci."

Na tashi zaune na ce, "Inna, jakin wa kika hau kika zo?"

Ta dube ni, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na wan mijinki. Amma hannun nawa ne." Ko ruwa ban ba ta ba. Ungozomarmu da ta ji labari ta ce kada in saurare ta, ita da kanta ta ji motsi. Ni ma ina jin motsin, musamman in na ci wake.

Masaƙin ya gaji ya auri wata. Ban ga laifinsa ba, amma na yi kuka.

Da shekarun da littafi ya ƙayyade suka cika, liman ya aiko cewa babu sauran jira. A wannan shekarar ce kuma jinin ya fara yi mini wasa, ya zo wata guda ya tsallake uku, ga zafi yana taso mini daga ƙirji in jiƙe da gumi ina zaune a inuwa. Daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Zanen da nake ɗaurawa da ƙyar ya fara yi mini yawa. Na san abin da wannan ke nufi, ba sai an kira kowa ya lalube ni ba.

Ranar da na yi wankan fita takaba, ina haɗa kayana zan koma gidanmu, sai na ji ana yanka a bayan gida. Wani ƙaton rago ne da na daɗe ina gani a turke, na ɗauka na layya yake kiwo. Wan mijina ya tsaya bayan darni yadda ya saba, ya ce, "Baiwar Allah, ragon sunan ne. Na uku ke nan, biyu sun tsufa na sauya. Na so in ga mai kama da ƙanena." Na leƙa ta tsakanin kara ina neman ƙarya a fuskarsa, ban samu ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce na samu.

Aka soya naman aka rarraba gida-gida kamar yadda ake yi. Aka kawo mini nawa a akushi, kason mai jego. Mata suka zauna tare da ni muka ci, ba wadda ta yi guɗa, ba kuma wanda aka raɗa wa suna.