Miyar Inna Ba Mai

Inna ƙanwar uwata ce, ita ta riƙe ni a Tsarnawa har ta kai ni ɗakin miji. Sana'arta matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Mace ce mai jiki da sakin hannu, tuwonta ba ya fita zaure sai man shanu na kwance a kan miya. Babu wanda ya kai wan mijinta sanin haka. Wani dogon mutum ne da ya taɓa yin gadi a ƙofar wani buro, wato ofis, a Konni, ya dawo yana ganin ya haɗiye ilimin duniya. Gonarsa ciyawa ta cinye, amma ba a taɓa buɗe akushi a zauren ƙaninsa ba ya nan ba.

A shekarar da ta biyo bayan babban fari, ina goyon fari, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta kama hannuna ta ɗora a kan nononta na hagu. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Ba shi ciwo," in ji ta, "amma ya ƙi tahiya."

Mijinta mutum ne mai sanyi, bai iya musu da wansa ba. Da ya kai masa labari, sai ga wan nasa har tsakar gida, yana gyara hula.

"Kitse na," ya ce. "Na ji Nasara da bakinai a buro. Yadda man shanu ka daskarewa cikin ƙwarya, haka nan shika daskarewa cikin nonon mace. A hana ta mai, shi narke da kainai."

Mutumin da duk Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba! Nan take ya yanke hukunci: ba man shanu, ba man gyaɗa, ba manjan da ake shigowa da shi daga Najeriya, ko ƙuli-ƙulin da ta toya da hannunta kada ta taɓa. Zancen asibiti kuwa ya ce kul, can yanka mutane kawai suka sani.

Na dawo gidan don jinya, na riƙa ɗora tukunya biyu. Ta Inna kuka ce da gishiri. Ta zaure kuwa dole a zuba mata mai, don shi likitan namu bai hana kansa komai ba. Yakan suɗe yatsu, ya leƙo ya tambaya ko an kiyaye dokarsa. Matan unguwa su ma suka samu na faɗi. Waɗanda suka shekara suna miƙo ƴar kwalba a ɗiga musu mai kyauta, su ne ke zama a bakin gadonta suna cewa ai dama Inna ta cika son daɗi.

Damina ta wuce. Inna ta zube, abin kuwa sai girma yake, fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, daga baya ta fashe. Ranar wata kasuwa ni da uwata muka sa ta a mota ba tare da mun nemi izinin kowa ba, muka kai ta asibiti.

Likita ya duba ta ya daɗe. Ta bakin wani tafinta ya gaya mana ciwon daji ne, kuma an makara, ya riga ya shiga hammata. Na tambaye shi batun mai. Ya ce ana zargin ƙiba da yawan kitsen dabba suna iya ƙara haɗarin ciwon, amma ba wanda zai iya rantsewa su suka jawo nata, kuma hana ta mai ba zai narkar da komai ba. A ba ta abin da ranta ke so. Aka wanke gyambon, aka ba mu maganin rage zafi.

Da muka dawo na maimaita maganar gaban kowa. Wan mijin ya tsinci rabin da ya yi masa, ya buga cinya.

"Kun jiya? Likita ma ya ce kitse!"

Inna na kwance a kan tabarma, muryarta ta dushe, amma kowa ya ji ta.

"Yaya, in da mai ka kawo shi, da kai za shi hwara kamawa."

Mijinta ya sunkuyar da kai. Daga ranar na koma tukunya ɗaya. Takan ci loma biyu ko uku da man shanu, ta ce ya isa. Ta rasu kafin a yi shukar wata daminar.

A zaman makoki wan mijin ne a gaba, yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa baƙi cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, mata ne ba su jin magana. Bai taɓa ambaton watannin da ya hana a kai ta asibiti ba, ba kuma wanda ya tuna masa.

Daga baya muka koma Illela da maigidana. Wan mijin Inna ya yi tsawon rai, haƙoransa ma ba su zube ba. In mun haɗu a suna ko biki nakan durƙusa in gaishe shi, don haka aka koya mini, in tashi kafin ya fara bayani. Da ya mutu na je gaisuwa saboda ƴaƴansa, na juyo a motar yamma.