Zaibar Kawu

Shekaran jiya na ratsa ta gaban wani mai gyaran waya a unguwar Adjamé, warin narkakkiyar dalma ya bugi hancina, na tsaya cak. Warin ya mai da ni shagon kawuna a unguwar Treichville, inda na tashi.

Kawu maƙerin zinariya ne. Na zaga kasuwannin Dakar da Kano da Jidda, ban ga hannu mai natsuwa irin nasa ba. Yakan ja zaren zinariya har ya kai sirantar gashi.

Wata damina yayana ya dawo daga lise, wato makarantar sakandare, da littafin kimiyyar fizik. Muna cin acheke, dambun rogo, a ƙofar shago, ruwa na dukan kwanon rufi, ya ce cikin raha, "Kawu, ka san tsakanin zaiba da zinariya ƙwaya ɗaya ce tak a can cikin ƙarfen? A cire ta, shi ke nan, ta zama zinariya, mun saye rabin unguwar Arras."

Muka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Da me ake cirewa?"

"Da wuta mai ƙarfi," in ji yayana, bakinsa cike.

Zaiba, in ba ka sani ba, wani ƙarfe ne mai gudu kamar ruwa. Kawu ya samo kwalba guda wurin masu haƙar zinariya. A gidanmu ba a gwada sabon aiki a idon jama'a, a rufe ake yi. Sai ya shige ɗakin baya da gawayi, ya ja ƙofa, ya toshe taga da tsumma. Zaiba ba ta wari. Mu dai ƙarar zugazugi muke ji kullum bayan azahar.

Kafin ruwa ya ɗauke, dasashinsa ya fara jini. Ya daina wasa da mu. Yayana ya tsaya bayan ƙofa yana cewa, "Kawu, wallahi wasa nake!"

Daga ciki aka amsa, "Littafin ma wasa yake?"

Ranar da wata Hajiya ta kawo gyaran ɗan kunne, Kawu ya ɗauki hantsaki, hannun ya ƙi tsayawa. Likita ya ce tururin zaiba ne ya shige shi. Kawu bai sake ƙira ba.

Yau jikokina suna nuna mini a waya cewa masana sun mai da zaiba zinariya da gaske, da injin da ya fi unguwa girma, kuma abin da suka samu ido ba ya gani. Dariya suke. Yayana yana nan da rai, ya tsufa yana koyar da fizik. Har yanzu in an yi masa tambaya, sai ya daɗe yana kallon fuskar mai tambayar kafin ya buɗe baki.