Hantar Ragon Maƙwabta

Ni ba mai jinya ba ce. Albasa nake sayarwa a Bawku, in na ɗaga buhu na san ko ta ƙasa ta ruɓe, iyakar ilimina ke nan. Ƙanwata ce ke kula da Baba a Yendi tun da ciwon sukari ya kama shi, ita ta san allurarsa da cimarsa. To a shekarar sai ta haihu dab da Babbar Sallah, dangin mijinta suka kwashe ta zuwa Salaga don suna da wanka. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Aka duba aka duba, ba a ga kowa ba sai ni.

Yini guda na yi a lori, na iso ran jajibere kaina kamar zai tsage. Ban ko cire mayafi ba aiki ya rufe ni: tukwane, daka, gugar babbar rigar Baba, tabarmin baƙi. Baba malami ne, ran Sallah rabin zango, unguwarmu ta Hausawa, a ƙofarsa yake gaisuwa, kuma kowa da cikinsa yake zuwa. Ƙanwata ta kira ina tsakiyar kankare tukunya.

"Yaya, allura da safe, abinci ya biyo baya nan take. Kin ji?"

"Na ji," na ce. "Ni na goya ki, ba sai kin karanta min ba."

Na kashe wayar tana cikin magana. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da safe bayan asuba na yi masa allurar a dantse, har ina yabon kaina don bai ko motsa ba. Na ajiye masa koko da ƙosai a ƙofar ɗaki, na koma gindin murhu. Abin da na sani tun ina yarinya, shi ne na manta shaf: ran layya Baba ba ya sa komai a baki sai hantar ragonsa, kuma ragon nan da hannunsa yake yankawa. Shi kuwa bai taɓa tambayar me allurar ke yi a jiki ba, hannu kawai yake miƙawa.

Da ƙafa ya je Idi, da ƙafa ya dawo. Yana shigowa na ga rigar da na sha wahalar gogewa ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Ya ce in miƙo wuƙa. Na miƙa, ya karɓa, hannun yana kakkarwa, wuƙar ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka sai ya zube a kan buzunsa. Nan ne idona ya kai ga kwanon koko, a rufe yadda na bar shi.

Na kira Salaga. Ƙanwata ta ƙwala ihu, jaririn ma ya ɗauka.

"Kin yi masa allura bai ci ba? Abin da zan gaya miki ke nan jiya, ran Sallah sai ya ci ake yi masa allurar! Sukarinsa ne ya faɗi. Ki ba shi mai zaƙi yanzu yanzu, in ya suma shi ke nan!"

Na zuba sukari a kokon, na durƙusa gabansa. Ya kau da kai.

"Sai na yanka," ya ce.

"Baba, hannunka ba zai iya ba. Ka sha, sai ka yanka."

"Sai na yanka."

"To bari in kira wani ya yanka maka."

"Ina raye?"

Ya ture kwanon, koko ya malale a kan buzu. Na roƙe shi don Allah, na roƙe shi don Annabi, na yi masa tsawa irin wadda ban taɓa yi wa babba ba. Ba zai ci ba sai ya yanka, ba zai iya yankan ba sai ya ci. Maganarsa ta fara laushi, ya kira ni da sunan mahaifiyarmu. Na leƙa layi, ba mai babur ko ɗaya, kowa na gidansa a kan ragonsa. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina, na taso daga Bawku musamman na zo na kashe ubana ran Sallah.

Sai ƙamshin hanta ya bugo ni ta kan katanga.

Ba takalmi na faɗa gidan maƙwabta. Matar gidan Badagomba ce, tsohuwa, tana juya hanta a kan gawayi, mijinta na zaune yana jira.

"Kai, mene ne? Malam ya mutu?" in ji tsohuwar.

"Mma, ba ni hanta. Da zuma in akwai."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta tsame yankan da ya fi nuna, wanda maigidanta ya kafa wa ido, ta ɗauko kwalbar zuma daga taga ta danƙa min. Na tsoma hantar a ciki har tana ɗiga, na dawo a guje.

"Baba, an yanka. Ga hantarka."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Wa ya yanka?"

"Kai ka yanka mana. Ka manta?"

Ya daɗe yana kallona, kallon wanda ke neman abu a kansa bai samu ba. Sannan ya yi bisimilla ya buɗe baki. Na ba shi ɗaya, na ba shi biyu, na lakato zuma da yatsa na shafa masa a harshe, na dama wani kokon ya shanye. Na zauna a ƙasa riƙe da ƙafarsa ina kuka ina jira. A hankali kakkarwar ta lafa, idonsa ya dawo nasa, ya ce min rigar nan ta ɓaci.

Daidai nan ragon ya yi kuka daga gindin darbejiya, lafiyarsa lau, yana jan igiya.

Baba ya dubi ragon, ya dubi yatsuna masu danƙon zuma.

"Tun da na gina ɗakin nan," ya ce, "ba a taɓa yi min ƙarya a ƙofarsa ba."

Kunya ta kama ni, amma haushi ya fi ta. Na ce, "Baba, in gobe ma ta kama, zan sake."

Ya tashi, ya ɗauki wuƙarsa, hannun bai ko girgiza ba. Da aka feɗe ragon ya sa na kawo faranti, ya ɗora hantar gaba ɗayanta, bai yanki ko ƙwaya ba.

"Kai wa maƙwabta," ya ce. "Ni na riga na ci tawa."