Ƙuri'ar da Ta Tsallake Rufa'i Mai Banda

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwan Tiga da hantsi ya san Rufa'i Mai Banda, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, idanunsa jajur saboda hayaƙi, kuma in ya buɗe baki sai dai ka nemi wurin zama. Yana yaro ruwan dam ya cinye ƙauyensu. Yakan ce da idonsa ya ga ruwa ya kai wuyan kukar ƙofar gidansu, ko da yake matarsa Delu ta ce kukar nan kullum ƙara tsawo take yi a bakinsa. Ubansa manomi ne, har ya koma ga Allah bai yarda ya taka kwale-kwale ba. Shi kuwa Rufa'i ya taka, ya yi sana'ar su har sanyin ruwa ya kama masa ƙirji, sannan ya dawo tudu ya kama bandar kifi. Maganar gaskiya, ya iya. Rabin masu banda a wurin nan shi ya nuna musu yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a tsinke, da irin itacen da ba ya sa kifi ɗaci.

Ciwonsa ɗaya ne a duniya, sunansa Uzairu. Ƙauyensu ɗaya, mota ɗaya ta kwaso su da tarkacen iyayensu, yanzu kuma rumfunansu na kallon juna. Uzairu dogo ne, shiru-shiru, bai taɓa yi wa Rufa'i komai ba, abin da ya fi ƙona wa Rufa'i rai ke nan. In Uzairu ya sa sabuwar hula, ranar Rufa'i ba ya cin abincin kirki. In mai saye ya tsaya a rumfar Uzairu, sai ka ji Rufa'i ya hau tari, wai hayaƙin can ne ke shigo masa.

Amma akwai abin da Rufa'i ya fi Uzairu, kuma bai bar kowa ya manta ba: autarsa Ummulkhairi tana jami'a a Kano, tana karatun harkokin kasuwanci. Da ta shiga shekarar ƙarshe ta zo gida ta ce za ta yi bincikenta na kammalawa a kan masu banda na Tiga, ta gano abin da ke jawo musu asara. Wayyo, Rufa'i! Ranar har aski ya je ya yi. Ya bi rumfa-rumfa yana cewa jami'a ta aiko a ɗauki bayaninsa, wanda yake da abin faɗa ya kawo masa ya haɗa. Shekara da shekaru yana faɗa wa duk mai kunne cewa matsalar masu banda mota ce, kafin ta zo kifi ya yi wari. Yanzu ga 'yarsa ta cikinsa za ta sa maganar a littafi.

Sai dai yarinyar ba haka ta tsara ba. Ta karɓo sunayen masu banda gaba ɗaya daga shugaban ƙungiya, ta rubuta kowanne a 'yar takarda, ta nannaɗe, ta zuba a ƙwaryar Delu. A gaban jama'a ta girgiza, ta roƙi shugaban ya kau da kai ya riƙa ɗauka. Wanda ya fito shi za a yi wa tambayoyi. Rufa'i na tsaye a gaba da sabon askinsa. Takardar farko da aka warware, Uzairu. Aka yi ta ɗauka har aka cika mutum talatin da ake so, sunan Rufa'i na kwance a gindin ƙwarya.

Suna shiga gida Rufa'i ya tare ta.

“Ummu, caca aka tura ki koyowa a Kano?”

“Ba caca ba ce, Baba. In na zaɓa da hannuna, waɗanda na sani zan zaɓa, amsar ta karkata. Ka ga Inna in za ta ɗanɗana miya ba ta shanye tukunya, cokali ɗaya ya isa, amma sai ta juya tukuna.”

“To ni ne naman miyar. Kin juya kin ɗebo ruwa.”

Delu ta tuntsire da dariya daga madafa. Ummulkhairi ta ce, “Ka yi haƙuri, Baba, naka na zuwa.” Shi kuwa bai ji wannan ba, don tuni ya shuri takalmansa ya fita.

Da la'asar Ummulkhairi ta zaunar da uwarta ta gwada tambayoyin a kanta, don ta ga ko akwai wadda ba a ganewa. Delu, wadda ba ta taɓa hura wutar banda ba! Rufa'i na zaure yana gyaran tsinke, kunnensa na cikin gida. Me ya fi jawo maka asara? Wa kake sayar wa? Kwana nawa kifi ke yi a hannunka? Ya haddace su tsaf, yana amsawa a zuci, amsoshi masu kyau da babu mai tambayarsa.

Washegari ya ga abin da ya hana shi sukuni. Ummulkhairi ta zauna a bencin Uzairu, ta gaishe shi har ƙasa, tana ce masa Baba Uzairu. Tun tana ƙarama haka take kiransa, amma ranar kalmar ta soki Rufa'i. Uzairun da ba ya haɗa magana uku a yini, ga shi yana zuba, yana nuna mata kwandunansa, ita kuma tana rubutu har da gyaɗa kai. Kishi ya turnuƙe Rufa'i har ya bar karfasa ta ƙone a kan waya. Shi ya yi ta shaƙar hayaƙi har ta kai jami'a, amma maganar Uzairu ce za ta shiga littafi? Ina!

Allah da ikonsa, bayan ta gama da Uzairu aka kira ta makaranta, ta ce sai wani mako za ta dawo ta ƙarasa da sauran. Motarta ba ta kai kwalta ba Rufa'i ya fara zagaye. Ya fara da Bala, wanda shi ya koya wa sana'a.

“Bala, ka taɓa ganin jarrabawar da take da amsa goma? In kai ka ce kaza, wancan ya ce kaza, malaminta zai ce wanne ne daidai? Kayar da ita za ku yi.”

“Subhanallahi! To me za mu ce, Malam Rufa'i?”

“Yawwa. In ta ce me ke jawo asara, ka ce mota. Kafin ta zo kifi ya yi wari. Wa kake sayar wa, dillalan Kano. Kwana nawa, uku.”

“Ni fa matan garin Yako nake sayar wa.”

“Matan Yako ne za su ba ta digiri?”

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada a zalunce shi, rabin zuciyarsa ya yarda taimakon 'yarsa yake yi. Ɗaya rabin kuwa ya san abin da yake so: tunda ƙwarya ta hana shi magana da bakinsa, zai yi da bakin kowa, maganar Uzairu ta nutse a ciki. Mutane kuma suna ganin girmansa, ga tausayin yarinya, suka haddace kamar karatun allo.

Ummulkhairi ta dawo ta yi tambayoyinta. Ta lura amsoshin sun yi kama, amma tun tana goye take jin zancen motar nan, sai ta ɗauka gaskiyar ce ta fito fili. Ta koma Kano da murna. Rufa'i ya yi makonni yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta, har gaisuwa yake ɗaga wa Uzairu da fara'a, abin da ya sa Uzairu ya tambayi Bala ko lafiya.

Ranar da ta sake dawowa ba ta biyo gida kai tsaye ba, bakin ruwa ta fara zuwa. Da azahar ta shigo, idanunta sun kumbura. Ta gaishe da iyayenta, ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma, ta juyo da ita wajen ubanta.

“Baba, kowane ɗigo a nan mutum ɗaya ne da amsarsa.”

Ya duba. Ɗigogin sun taru a wuri guda, sun hau kan juna har sun zama dunƙule. Can gefe guda ɗaya tilo.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi. “Kin gani ko? Kan mutanen Tiga a haɗe yake.”

“Malam Sha'aibu, mai duba aikina, ba haka ya gani ba. Ya ce aikin lissafin duka shi ne a auna yadda amsoshi suka bambanta, a ga me ke tafiya da me. Wanda ke da nisa da titi, asararsa ta fi ta na kusa? Mai sayar wa dillali ya fi mai sayar wa 'yan kasuwar ƙauye? In kowa ya faɗi abu ɗaya babu abin aunawa. Ya ce ko 'yan ɗaki ɗaya ba sa amsa haka. Ya ce ni na zauna a gindin bishiya na cike takardun da hannuna.”

Delu ta dafe ƙirji. “Ke? Ƙarya ya ce kin yi?”

“A gaban 'yan ajinmu, Inna. Ya ce zai kai ni gaban kwamiti, kuma wanda aka kama da wannan korarsa ake yi. Ya ce a duk tarin nan mutum ɗaya ne ya yarda an yi hira da shi da gaske.” Ta ɗora yatsa a kan ɗigon da ke gefe.

Rufa'i ya san amsar, amma bakinsa ya riga shi. “Wane ne?”

“Baba Uzairu. Shi ya ce ƙwari ne ke cinye masa kifi a ajiya.” Ta rufe kwamfutar. “Yanzu na fito daga wurin Bala. Yana ganina ya ce, ‘Mun faɗa daidai yadda babanki ya koya mana ko?’”

Delu ta dubi Rufa'i ta ce, “Malam, ashe har 'yarka?” Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bala da shugaban ƙungiya ne suka shiga mota har Kano suka yi wa Malam Sha'aibu bayani. Rufa'i ya so ya bi su, Ummulkhairi ta ce ya yi zamansa. Ba a kore ta ba. Amma aikin ya rushe, sai ta sake daga farko a can tsallaken ruwa, ɓangaren Tudun Wada, inda ba a san ta ba, ba a kuma san ubanta ba. 'Yan ajinta za su sa rigar kammalawa su tafi, ita sai baɗi.

Ana jibi za ta fara, ta same shi a zaure.

“Baba, ka tuna na ce maka naka na zuwa? Babin farko na tarihin sana'ar ne, yadda aka tashi ƙauyuka, yadda manoma suka koma masunta. Wannan ba ya buƙatar ƙuri'a, dattijo ɗaya ake nema wanda ya gani da idonsa. Kai na ajiye wa. Na so in gama da sauran ne, in zo mu zauna yini guda, ka yi ta faɗa ina rubutawa.”

Ya ɗago da sauri. “To ai ga ni.”

“Malam Sha'aibu ya ce kada bakinka ya sake shiga aikin nan ko ta ina. Ya ce in nemi wani.”

Bai tambaya ko wa ba. A cikin waɗanda mota ta kwaso daga tsohon ƙauyensu, mutum biyu suka rage a bakin ruwa.

Washegari da hantsi ya hura wutarsa kamar kullum, ya jera tarwaɗa a kan waya. Ummulkhairi ta zo ta wuce ta gabansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tsallaka ta zauna a bencin Uzairu. Rumfunan kusa suke, ba abin da ba ya ji. Uzairu ya yi gyaran murya, ya fara a hankali, yana laluben kalmomi, yana tsallake wuraren da suka fi daɗi. Bai faɗi kukan shanu ba. Bai faɗi tsohuwar da ta ƙi hawa mota sai da turminta ba. Rufa'i ya ji kamar ya kurma ihu.

“Akwai wata kuka a ƙofar gidan su babanki,” in ji Uzairu. “Ranar da muka koma ɗaukar sauran kaya, ruwa ya ɗan taɓa gindinta.”

Gindinta! Rufa'i ya miƙe zumbur, bakinsa a buɗe, kalmar “wuyanta” na kan harshensa. Ummulkhairi ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a idonta, roƙo ne kawai. Ya tsaya haka, hayaƙi na shiga masa ido. Sannan ya koma ya zauna, ya ɗauki tsinke ya juya kifinsa, yana ji tana tambayar Uzairu, “Gindinta ka ce, Baba?” Ta sunkuya ta rubuta.