Haƙora Biyu a Sarƙar Taimin

Yaya ce babba a gidanmu, ni ne auta, tsakaninmu shekara tara. Gyaran keken ɗinki ne sana'arta. Shagonta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, mutum biyu ba sa juyawa a ciki, amma duk telan da kekensa ya fara tsallake ɗinki can yake nufa. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya lallashi ba. In ka kai mata keken da ka bari ba mai, sai ta gyara keken, sannan ta juyo ta wanke ka tas.

A garejin Baba ta tashi. Tun tana 'yar shekara bakwai take wanke masa notoci a kwanon fetur, tana miƙa masa sifana kafin ya tambaya. Da ta kai sha uku Baba ya ce ya isa haka, 'ya mace ba ta kwanciya a ƙarƙashin mota, ya kai ta koyon ɗinki. Wata uku ta yi ta gane cikin keken ya fi ba ta sha'awa a kan rigar. Ni kuwa ba a ko tambaye ni ba aka ɗora ni a kan kanikanci, har garejin ya dawo hannuna da ƙarfin Baba ya ƙare.

Bara mai filin ya ba mu wa'adin tashi. Muka kwashe komai, sai tsohuwar baƙar motar Baba, wadda ta girme ni, ta kuma shekara ashirin a zaune. Na ce mu ɗaura mata igiya mu ja ta gida. Tsohon nan ya kafe. Ya rantse ba a taɓa jan motarsa da igiya ba, ba kuwa za a fara yana raye ba. Ko dai ta fita da ƙafarta, ko a kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta a gabansa. Ya faɗa da baki kamar bai damu ba, amma daga ranar abinci ya daina shigar masa.

Sati uku na yi a kan injin. Na sauke shi, na wanke, na sa sabbin ringi, na mayar. Wurin taimin kuwa, wato daidaita lokacin motsin sassan injin, ko tunani ban yi ba. Akwai ɗigo a giyar ƙasa mai juya fistin, akwai ɗigo a giyar sama mai buɗe bawul, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, ka sa ɗigon biyu su kalli juna, ka ɗora sarƙa, shi ke nan. Na yi wannan ya fi sau ɗari. Da na murɗa makulli sai ta yi tari, ta feso wuta ta kafireta, inda mai ke shiga injin, ta babbake mini gira. Maiɗakina ta yi kwana biyu tana dariya, wai na koma kamar dafaffen ƙwai. Sau uku ina buɗewa, sau uku ɗigo na kallon ɗigo, mota kuwa ta ƙi. Na tambayi Baba, ya ce ya manta, don tsufa ya kwashe masa abubuwa da yawa.

Ranar ƙarshe ta wa'adin da safe na buɗe karo na huɗu, masu yanka kuma sun ce da la'asar za su zo. Sai ga Yaya da jakar kayan aikinta. Ashe maiɗakina ce ta kira ta. Wallahi raina ya ɓaci. Shekara ashirin da biyar ina cikin baƙin mai, a ce mai gyaran keken ɗinki za ta nuna mini hanya? Na ce mata wannan ba allura da zare ba ne. Ko kallona ba ta yi ba, ta gaishe da Baba da ke zaune a kujera ƙarƙashin rumfa, ta naɗe hannun riga.

"Auta, wa ya ce maka ɗigon nan gaskiya yake faɗa?"

Na ce kamfani ne ya buga shi. Ta ce ita a keke ba ta kallon alama. Allura take kallo ta sauka, ta ga ko ƙugiya ta iso daidai lokacin da za ta kama zare. In ƙarfe ya ce ba haka ba, alama ta yi ƙarya.

Ta sa na cire fulogin farko, ta zura kibiyar saƙa a ramin, ta ce in juya injin da sifana a hankali. Kibiyar ta yi ta hawa har ta tsaya cak, wato fistin ya kai ƙololuwa. Ta ja layi da allin teloli a jikin ƙarfen da nake juyawa. Sai ta nuna mini bawul biyu na tukunyar fistin na ƙarshe. A daidai wannan gaɓar ya kamata ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, su yi kunnen doki. Ina! Ɗaya ya riga ya yi nisa. Muka zare sarƙa, ta matsar da giyar sama haƙori ɗaya, bai yi ba. Ta ƙara ɗaya, sai ga su sun daidaita. Ɗigon nan nawa da na rantse da shi ya koma gefe yana kallon bango. Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa idona.

Saura saita lokacin da fulogi zai ba da wuta. Na toshe ramin fulogi da babban yatsa, muka juya har iska ta ture shi. Ta yago 'yar siririyar takardar yankan riga ta maƙala tsakanin bakin kwantak, 'yan ƙarafan da ke rabuwa wuta ta tashi, ta ce in riƙa murɗa distiribita mai raba wutar kaɗan-kaɗan. Tana jin takardar ta saki, kafin a kai layin allinta da kamar faɗin farce, ta ce in ɗaure a nan.

Muna gama mayar da lagireto masu yanka suka shigo da tukunyar gas ɗinsu. Na shiga, na yi bismilla, na murɗa. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, sai ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe garejin, sannan ƙarar ta kwanta lif, ba gargada ko kaɗan. Ban san sanda na fito ina buga bonet ina ihu kamar yaro ba. Masu yanka suka tattara kayansu sum-sum.

Baba ya miƙe ba sanda. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya karkata kunne, ya tambayi wanda ya saita ta. Zan iya yin shiru, amma na ce Yaya ce.

"Haƙora nawa?"

"Biyu, Baba."

"Biyu ne," in ji shi. Ƙarar ce ta dawo masa da abin. Tun kafin a haife ni giyar sama ta karye, bai samu irinta ba, ya sa ta wata mota, ya riƙe bambancin a kansa bai gaya wa kowa ba. Ya lalubo hannun Yaya, baƙi ƙirin da mai, ya riƙe ya daɗe.

"Shekara arba'in ke nan da na kore ki daga nan."

"Talatin da takwas, Baba."

Ya yi dariya har da hawaye, ita ma ta kau da kai tana goge ido da gefen mayafi. Yaya ba ta iya tuƙi ba, don haka ni na ja. Na buɗe wa Baba ƙofar gaba, ya ce a'a, nan wurin wanda ya tada mota ne. Ya bar wa Yaya wurin, ya zagaya ya shiga baya, inda bai taɓa zama ba tun da ya saye ta. Muna hanya ya ce in tsaya a saya masa abinci, yunwa yake ji.