Ranar da Aka Rufe Layin Iya Sa'a

Halimatu Sa'adiyya, wadda ake kira Iya Sa'a, mai turara shinkafa ce a wani ƙauye kusa da Bunkure. Tun tana amarya take jiƙa shinkafa, ta turara, ta baza ta da hannu tana tururi. Da wannan sana'a ta raini ɗanta tilo, Hambali, bayan rasuwar mijinta.

Da Hambali ya girma, 'yar gonarsu ta noman rani ba ta riƙe shi ba, sai ya tafi haƙar zinare can gaba da Agadas. Ya bar mata ƙaramar waya, ya haddace lambar. Shi ba shi da waya, sai in ya samu ta aro ya kira.

Sai doka ta zo cewa duk layin da ba a haɗa da katin ɗan ƙasa ba za a rufe shi. Iya Sa'a ta je wurin rajista. Ma'aikacin ya ɗora yatsunta a na'ura, ya goge, ya sake ɗorawa.

"Iya, zanen yatsunki ya shafe. Na'urar ba ta ganin komai."

"To ya zan yi, ɗan nan?"

"Ki ɗan huta da aiki, ki riƙa shafa man kaɗanya."

Ta huta, masu kawo mata shinkafa suka koma wurin wata. Ta sake zuwa aka ce babu sabis. Ana cikin wannan zirga-zirga aka rufe layin.

Bayan damina ta wuce, maƙwabciyarta ta gwada kiran tsohuwar lambar, sai ta shiga. Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Bernice, tela ce a Kumbotso, ita aka sayar wa layin. Maƙwabciyar ta miƙa wa Iya Sa'a wayar.

"Mama, ke ce Iya Sa'a? Wani ya yi ta kira yana nemanki. Yana ta tari, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce yana kwance a asibiti."

"Wane asibiti, 'yata?"

"Bai faɗa ba. Daga baya wani ya kira da yaren da ban iya ba. Tun daga nan shiru."

Bernice ta karanto lambobin da aka kira ta da su. An gwada su duka, babu wadda ta shiga.

Dangi sun ba da shawarar a yi sadaka a fawwala wa Allah. Iya Sa'a ta ce ba wanda ya ce mata Hambali ya mutu, don haka ba za ta karɓi gaisuwa ba. Yanzu ciwon ƙafa ya kama ta, ba ta fita. Matar ƙaninta ce ke aiko mata da tuwo.