Neman Ƙofar Gidanmu a Karantina

Da Kawu ya gama umara ya sauko Jidda, abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi gidan da ƙanwarsa, mahaifiyata, ta rasu, ya tsaya a wurin ya yi mata addu'a. Ya zo da tsohuwar wasiƙarta ta ajami mai kwatancen hanya. In ka wuce mai gasa gurasa ka yi dama, sai gidan tela gurgu, sai koren ƙyaure.

Ban iya gaya masa an rushe unguwarmu ta Karantina ba. Sai na ce mu fara zaga tsohon gari a ƙafa.

Na nuna masa gidajen da aka gina da dutsen teku, da tagogin katako masu sassaƙa, hawa kan hawa. Turawa na bin wani mai ɗaga tuta suna ɗaukar hoto. Kawu ya daɗe yana kallon sama.

"Ɗan nan, babu gara ne a ƙasar nan?"

Na ce akwai, amma hukuma na lura. Muka bi lungun masu turare. Na sayo masa dabino, ya ci biyu. Muka ratsa unguwar Hindawiyya, iskar teku na kawo warin kifi.

"Na ga katako, na gode. Ina gidan?"

Bayan la'asar muka isa. Fili ne fetal, sai ɓaraguzai da kyanwa ɗaya. Kawu ya dubi wasiƙar, ya dubi filin, ya ninke ta ya sa aljihu. Bai zage ni ba.

Na bar ƙafata ta yi aikinta. Shekaru da yawa ta bi hanyar nan. Inda mai gurasa yake na yi dama, na raɓe don kada in goge bangon tela, na tsallake kwatar da babu ita. Da na waiga, na ga Kawu ya tattare riga shi ma ya tsallake.

Na tsaya na tuɓe takalmi. Ya tuɓe nasa, ya yi sallama.

"Ka tabbata nan ne?"

"Allah ne Masani, Kawu. Ko ɗakinta ne, ko na maƙwabcinmu Bayamale."

"Yana da rai?"

"Ya riga ta rasuwa."

"To halas," in ji shi, kalmar Larabci da ya koya jiya, wato shi ke nan. Ya ɗaga hannu, muka haɗa su duka biyun a addu'a.